Gishiri ya narke, man riɗi ya ƙi

Tambaya: Malam, me ya sa gishiri ke ɓacewa a ruwa, man riɗi kuwa sai ya taso sama? Daga wani ɗalibi, Mai Wurno, Sudan.

Amsa: Ɗana, maganar rabon ilektiron ce, wato ƙananan ƙwayoyi masu caji da ke zagayawa a cikin ƙwayar zarra. Gishiri haɗin sinadarai biyu ne, sodiyam da kulorin. Sodiyam na da guda 1 a zagayensa na waje, kulorin na da 7. Sai sodiyam ya miƙa wa kulorin nasa kacokan, kowannensu ya ɗauki caji. A ƙwayar ruwa, wadda haɗin oksijin da haidirojin ce, tarayyar ilektiron ake yi, amma oksijin ya fi haidirojin ƙarfin ja, sai gefensa ya yi cajin ragi, ɗaya gefen na ƙari. Da waɗannan gefuna ruwa ke yakice ƙwayoyin gishiri ɗaya bayan ɗaya, har wajen giram 36 a giram 100 na ruwa; abin da ya haura haka kwantawa zai yi a gindin kofi.

A mai kuwa, kabon da haidirojin da ke cikinsa kusan raba daidai suke yi, ruwa bai ga wurin kamawa ba.