Cutar Crohn: me ya sa likita ke son a bar prednisolone a koma infliximab?

Tambaya: Bara aka tabbatar ƙanina, ɗan shekara 24, yana da cutar Crohn, mai kumbura hanji. Da an ɗora shi kan prednisolone sai gudawa da ciwon cikin su lafa, da an janye kuma su dawo. Yanzu likita na son a fara masa infliximab haɗe da azathioprine. Muna tsoron ƙarfinsu, ga tsada. Ba za a bar shi kan ƙwayar da ke masa aiki ba?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Shawarar likitan na kan hanya, amma akwai sharaɗin da sai an cika kafin allurar farko.

Prednisolone ruwan kashe gobara ne. Yawanci ana farawa da miligiram 40 a rana, ana rage 5 duk mako, a gama cikin wajen mako 8. Yana kwantar da alamu, amma ba ya hana ciwon dawowa, kuma a yawancin mutane gyambon da ke bangon hanji na nan ko da gudawa ta tsaya. Wannan kumburin na ɓoye shi ke zama tabo, hanji ya tsuke, ko rami ya ɓulle kusa da dubura yana yoyo, kuma babu maganin da ke narkar da tabo. Shi kansa maganin in ya daɗe yana cin ƙashi, yana ta da sukari da hawan jini, yana kawo yanar ido. Ƙa'idar likitocin hanji ita ce duk wanda ciwonsa ya dawo cikin wata 3 da dainawa, ko ya buƙaci zagaye biyu a shekara ɗaya, a canza masa tsari. Kada dai ya yanke shan prednisolone farat ɗaya, sai a hankali.

Haɗa magungunan biyu ya samo asali ne daga binciken SONIC na 2010, mai majinyata 508. A mako na 26, waɗanda ciwonsu ya kwanta ba tare da prednisolone ba sun kai kashi 57 cikin 100 a masu haɗin, kashi 44 a masu infliximab kaɗai, kashi 30 a masu azathioprine kaɗai. Wani ɓangare na dalilin shi ne infliximab furotin ne da jiki kan ɗauka a matsayin baƙo, ya ƙera garkuwar da ke kashe ƙarfinsa, azathioprine kuma na rage hakan. Binciken PROFILE da aka yi a Birtaniya, ya fito a 2024, ya ƙara wa maganar nauyi. Cikin sababbin majinyata 386, kashi 79 na waɗanda aka fara musu infliximab haɗe da azathioprine ko makamancinsa tun da wuri sun kai mako na 48 ciwon na kwance, ba prednisolone ba tiyata. A waɗanda aka bi da su mataki-mataki, wato ba a ƙara ƙarfin magani sai ciwon ya tashi, kashi 15 ne kacal.

Sharaɗin shi ne tarin fuka. Infliximab na toshe sinadarin TNF, wanda da shi jiki ke killace ƙwayar tarin da ke kwance, don haka takan farka, wani lokaci ta bazu ko'ina. Bayan haka, tarin fuka na hanji yana kama daidai ƙarshen ƙaramin hanji, inda Crohn ya fi kamawa, kuma kamanninsu a na'urar leƙa hanji kusan ɗaya ne. A Najeriya da Nijar, inda tarin ya yawaita, wannan ba abin wasa ba ne. Ku tambaya ko an gwada tsokar da aka tsinko daga hanjin don neman ƙwayar tarin. A ɗauki hoton ƙirji, a yi gwajin jini ko na fata, da sanin cewa prednisolone kan sa gwajin ya nuna babu alhali akwai. A gwada ciwon hanta nau'in B da HIV. Inda shakka ta ƙi kaucewa, likitoci da dama kan ba da maganin tarin wata 2 zuwa 3, su sake leƙa hanjin.

Ana ba da infliximab ta jijiya, miligiram 5 ga kowane kilo, ranar farko, sai mako na 2 da na 6, daga nan duk mako 8. Ku yi lissafin kuɗin shekara guda kafin a fara, domin yi-a-tsaya-a-dawo shi ya fi sa jiki ya ƙi maganin. Akwai makamantansa masu rahusa da Turai ta amince da su tun 2013. Azathioprine kuwa na buƙatar gwajin jini da na hanta akai-akai a watanni biyun farko, sannan duk wata 3. Yana ɗan ƙara haɗarin sankarar jini ta limfoma, akwai ma wani nau'inta mai wuyar samuwa da ya fi shafar samari, shi ya sa wasu likitoci ke janye shi bayan wata 6 zuwa 12, ko su zaɓi wani maganin, methotrexate, a madadinsa.

In ciwon bai wuce ɗan guntun ƙarshen ƙaramin hanji ba, ku tambaya game da tiyata. Binciken LIR!C na 2017 ya nuna cire guntun ta tiyatar ƙananan huji ya yi kafaɗa da infliximab wajen ingancin rayuwa bayan shekara. In yana shan sigari ya bari, ya kuma guji ibuprofen da diclofenac, don sukan ta da ciwon.