Ku Tambayi Anti: Na tsinci littafi a ƙarƙashin filon ɗana

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema akan ɗana na biyu, shekararsa 16 yana SS2. Yaron nan da ba haka yake ba, lokacin yana hannun mahaifiyata surutu kamar aku, amma tun da Allah ya yi mata rasuwa bara ya dawo wajenmu daga makaranta sai ɗaki ya turo ƙofa, in ka masa magana sai "toh" ko "ba komai" shikenan. Shekaran jiya ina gyara masa gado na ga wani littafin turanci ƙarƙashin filo, The Catcher in the Rye, duk ya bi shi da jan layi da biro. Na nuna wa ƙanwata da ta yi jami'a tace wai ai wanda ya kashe wani mawaƙi a Amurka wannan littafin yake karantawa. Wallahi tun lokacin hankalina bai kwanta ba. In ƙona ne ko in faɗa wa babansa?
Maman Abba, Kaduna

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya. Ki mayar masa da littafinsa inda kika ɗauko tukuna, kar ma ya gane an taɓa.

Maganar ƙanwarki akwai gaskiya a ciki, wani mai suna Mark David Chapman da ya harbe mawaƙi John Lennon a New York a watan Disambar 1980 an kama shi da littafin a hannunsa. Amma fa littafi ne da tun 1951 da J.D. Salinger ya fitar da shi ake karanta shi, makarantun sakandare da yawa a Amurka har a aji suke koyar da shi, miliyoyin mutane sun karanta sun ajiye sun ci gaba da harkokinsu. Shi wancan mutumin da matsalarsa ya zo.

Bari in ba ki labarin a taƙaice. Yaro ne ɗan shekara 16, Holden Caulfield, ɗan masu hali, an kore shi daga makarantar kwana mai suna Pencey a jihar Pennsylvania saboda cikin darussa biyar huɗu ya faɗi, turanci kaɗai ya ci, kuma ba ita ce makarantar farko da ya bari ba. Maimakon ya jira ranar hutun Kirsimeti sai ya sulale cikin dare ya hau jirgin ƙasa zuwa New York, ya ƙi zuwa gida, ya kama ɗaki a wani otal, ya yi ta gararamba kusan kwana uku da wata jar hula a kansa, yana kiran mutane a waya yana neman wanda zai zauna ya saurare shi, kowa kuma in ya samu sai ya ɓata da shi. Kowa a wajensa ɗan ƙarya ne, malamai, 'yan ajinsu, har yayansa da ya tafi Hollywood rubuta fim. Har direban tasi ya tsare da tambaya wai agwagin da ke tafkin Central Park ina suke zuwa in ruwan ya daskare da sanyi.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai ashar a ciki, akwai sigari da giya, akwai ma wajen da ya sa aka kawo masa karuwa ɗaki duk da ya ƙare da cewa hira kawai yake so. Wannan ya sa ko a can Amurkar iyaye sun sha kai ƙara a cire shi daga makarantu. Ba tarbiyyarmu ba ce, ban ce ita ce ba.

Sai dai ni karatuna na farko ina budurwa haushin yaron kawai na ji, nace wannan ai sangarta ce, ga gata ga kuɗi sai ƙorafi. Da na sake karantawa da girmana na ga abin da na tsallake. Holden yana da ƙane, Allie, da sankarar jini ta kashe yana ɗan shekara 11, lokacin shi Holden yana 13. Daren da yaron ya rasu garejin gidan ya je ya kwana ya bi tagogin ya farfasa da hannunsa har ya karya hannun, yana asibiti aka yi jana'izar. Shekara uku bayan nan yana yawo da safar hannu ta wasan ƙwallon ƙanen nasa, wadda Allie ya rubuta waƙoƙi a jiki da koriyar tawada. Da ƙanwarsa Phoebe 'yar shekara 10 ta ritsa shi tace ya faɗi abu ɗaya tak da yake so a duniya, ya yi ta kame-kame, ƙarshe sunan mamacin ya kira. An yi ta canja masa makaranta, an yi ta masa faɗa akan jarabawa, amma a duk littafin ban ga inda wani babba ya zaunar da shi akan wannan rashin ba.

Toh Hajiya ki koma ki karanta wasiƙarki, layi na uku. Ke kika rasa uwa, ke aka zo wa gaisuwa, aka yi sadakar uku da bakwai da arba'in kowa ya watse. Shi kuma wadda ta goya shi ta yi masa ɗumame kullum safiya ce ta tafi, ya canja gida ya canja ɗaki a lokaci guda, kuma namiji ne, mun san me ake ce musu, "haba kai ba namiji ba ne, yi haƙuri ka mata addu'a". Wa ya yi wa Abba ta'aziyya?

Kar ki fara da littafin. Ki kira shi ya taya ki wani aiki, ko tsinar shinkafa ce, hannu na aiki baki ya fi saurin buɗewa, ki kawo hirar marigayiya ke da kanki, ki faɗi abin da kike kewa nata ki yi shiru. Ko bai ce komai ba ranar ki bar shi. Babansa ki faɗa masa, amma maganar kewar za ki kai masa. In kuma kika ga ya daina cin abinci, ba ya barci, ko yana maganar gara ya mutu, wannan kam asibiti za ku je ku ga likita ba jira, a haɗa da addu'a. Shi kansa Holden daga wajen jinya a California yake ba da labarin nasa.

Tambaya: Anti ni dai sunan littafin nan ne ya ɗaure min kai, me yake nufi? Kuma akwai fim ɗinsa in nema? Karatun turancin yana min wuya.
Ɗalibarki daga Zariya

Amsa: Ƙanwata fim kam babu, Salinger ya ƙi sayar da shi har ya mutu a 2010 yana da shekara 91, mutum ne da ya shiga yaƙin duniya na biyu ya dawo ya koma wani ƙauye Cornish a New Hampshire ya rufe ƙofarsa, daga 1965 bai sake fitar da komai ba. Sunan kuma, "rye" hatsi ne dangin alkama. Holden ya ji wani yaro a titi yana rera wata tsohuwar waƙar Robert Burns na Scotland, ya riƙe baitin ba daidai ba, sai ya ƙirƙiro hoto a ransa: dubban yara suna wasa cikin gonar hatsin a bakin wani gangare mai zurfi, ba babba ko ɗaya sai shi, aikinsa duk wanda ya nufo bakin ramin da gudu ya cafke shi. Phoebe ce ma ta gyara masa baitin. Turancin kuma na hira ne irin na samarin New York na wancan zamanin, ki daure da shafi ashirin na farko kunnenki zai saba.