Ku Tambaya Mu Amsa: Daga Memphis zuwa New Orleans a mota

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Amurka, mu uku ne za mu yi hayar mota a hutun nan mu bi titin 61 da ake ce wa hanyar kiɗan bulus, daga Memphis har New Orleans, kwana huɗu gare mu. Don Allah ina da ina za mu tsaya, kuma ya za mu yi da maganar alade a ƙananan gidajen abincin bakin hanya?
Wani mai karatu, ɗan Zariya

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanena. Kwana ɗaya ya ishe ku a Memphis, ku leƙa Sun Studio, ɗakin naɗar waƙa inda mawaƙi Elvis Presley ya yi rikodin faifansa na farko da ya shiga kasuwa a 1954, sai otel ɗin Lorraine inda aka harbe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, ran 4 ga Afrilu 1968, yanzu gidan tarihi ne. Amma wallahi kar ku hau babban titi ku sheƙa da gudu, asalin abin yana cikin jihar Mississippi, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya gonakin auduga iya ganin ido, kuma a nan jikokin bayi suka rera wahalarsu har ta zama bulus. Garin Clarksdale tafiyar wajen awa ɗaya da rabi ce daga Memphis, akwai gidan tarihin bulus mai suna Delta Blues Museum, a ciki za ku ga ainihin ɗakin katakon da mawaƙin bulus Muddy Waters ya zauna lokacin yana aikin gona, ɗan ƙarami, ku tsaya ku kalle shi da kyau. Daga nan ku ɗan ratse zuwa Indianola, can aka binne B.B. King, shi ma mawaƙin bulus, a 2015, a harabar gidan tarihinsa.

To maganar ciki. Gasasshen naman Memphis da ake ta zuzutawa yawanci alade ne, ku haƙura da shi. Inda mutanenmu ke faɗawa shi ne ganye da wake, za ka ga kwanon ganye ka ce ai wannan lafiya lau, alhali da ƙashin alade aka dafa, burodin masara ma wani lokaci da kitsensa ake yi. Ku tambayi mai kawo abincin kai tsaye, kar ku ji kunya, za ta shiga kicin ta tambayo muku. Ni dai tarwaɗa nake ba ku shawara, wadda ake birgimawa a garin masara a soya, tana zuwa da zafinta tana ƙamas-ƙamas, sai dai ku tambayi man da aka soya. Kofi kuwa da kofin ya yi ƙasa za a ƙara muku kyauta, amma ku bar mata tukwici kamar kashi 20 cikin ɗari, da shi suke rayuwa.

A New Orleans akwai wani romo da ake ce wa gumbo, zai tuna muku miyar kuɓewa, ku nemi na kifi da jatan lande, shi ma ku tabbatar ba a yanka tsiran alade a ciki ba. Sannan ku je Congo Square, filin da bayi ke taruwa ran Lahadi suna kaɗa ganga, yana cikin lambun shaƙatawa mai suna Louis Armstrong Park kuma ba a biyan ko sisi. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.