Amsa ga ƙanena kan aikin renja na wata shida a Akadiya

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ƙanena, na ji saƙonka tun da la'asar, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba, kuma maganar ta fi ƙarfin rubutu. Ka ce ka ga tallan aikin renja, wato ma'aikacin kula da gandun daji, na ɗan lokaci a gandun dajin Akadiya, can jihar Maine ta Amurka a bakin teku, kana tambaya wai akwai namun daji masu haɗari, wai ana ba da bindiga. To ni na san ba wannan ke cin ranka ba. So kake ka ji, in ka ajiye tuƙin nan da kake yi ka tafi, aikin zai kai ka ga na gwamnati na dindindin ko kuwa a'a. Wannan zan amsa maka, don zango uku na yi a wurin, 2021 da 2022 da 2023.

Da farko dai ka riƙe lambar nan, 1,039. Awa 1,039, iyakar abin da za a bar ka ka yi ke nan a shekara a irin wannan ɗaukar. Ka lissafa da kanka, awa 40 a mako, mako 26, ya ba ka 1,040. An cire awa ɗaya don kada ka cika wata shida cif. Wato tun ranar da ka sa kaki an riga an san ranar da za ka tuɓe shi. Ana shiga wajen Mayu, ana sallama wajen Oktoba. Babu fansho a ciki. Albashi duk mako biyu, kuma matakin da ake ɗaukar sabon shiga, GS-4 ko GS-5, a lokacina bai kai dala 20 a awa ba. In an ba ka ɗaki a gidajen ma'aikata, daga albashin ake cire kuɗin haya kafin ya iso hannunka. Kuma ka roƙi Allah a ba ka ɗakin nan, don Bar Harbor, garin da ke bakin gandun, na 'yan yawon buɗe ido ne, hayar bazara a can ba ta mai ƙaramin albashi ba ce. Ni a shekarar farko mu biyu muka raba ɗaki, kicin ɗaya da mutum biyar.

Yauwa, kafin in manta, 'yan'uwa da ke gida, don na san za a biyo ni ta bayan fage. Aikin gwamnatin tarayyar Amurka ne, sai wanda ya zama ɗan ƙasa. Katin zama kaɗai ma bai isa ba, balle a ce za su nema maka biza. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai sa ka a layi, ɓarawo ne. A shafin USAJOBS ake nema, kyauta ne, ko sisi ba a biya. Kai ƙanena tunda ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa bara, ba ka da wannan matsala. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, tallan aikin bazara tun kaka da farkon hunturu yake fita, wani ma kwana kaɗan yake yi a rufe shi in masu nema sun cika.

Maganar bindiga kuma, renja kashi-kashi ne. Masu bindiga su ne na tsaro, su sai sun yi makarantar horo ta musamman ta watanni tukuna. Mu sauran, wani yana ƙofa yana karɓar kuɗin shiga, wani yana sansanin kwana na Blackwoods ko Seawall, wani yana zagayawa da baƙi yana yi musu bayani, wasu kuma gyaran hanyoyin ƙafa ne aikinsu. Abin da ke hannuna oba-oba ne da taswira da akwatin taimakon gaggawa. Kuma ka cire Yankari daga ranka. Ni ɗan Bauchi ne, na san Yankari, na yi wanka a Wikki tun ina yaro. Can ma'aikaci da mafarauta yake fama, giwa yake karewa, ransa a hannunsa. A Akadiya barewa ce da dila da tsuntsayen teku. Abin da zai cije ka ya kwantar da kai kaska ce, 'yar mitsitsiya, tana sa ciwon da suke kira Lyme, shi ya sa kullum ka dawo sai ka tuɓe ka duba jikinka, bayan gwiwa, hammata, ƙugu. Aikin gaba ɗaya mutane ne, mutane da ruwa. A 2021 da na fara, ziyarar da aka ƙirga ta kai wajen miliyan 4, a wurin da babbar hanyarsa ta zagaye mil 27 ce kacal.

To ruwan nan, shi nake so ka gane, don mu mutanen tudu ba mu taso da shi ba. Mu kogi muka sani, ya cika da damina ya ja da rani. Teku kuwa sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a kwana ɗaya, kuma a can bambancin yakan kai mita 3, wani lokaci ya wuce. Wata ne ke jan sa. Kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Kuma wani abin da ya ba ni sha'awa, cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Ni da nake bin lissafin watan Musulunci, sai ya zama tun kafin in duba jadawali na san makon da ruwa zai yi ƙarfi. Abokan aikina har tambayata suke yi yau nawa ga wata.

Akwai wani tsibiri gab da gari, Bar Island. In ruwa ya janye sai wata hanyar tsakuwa ta bayyana a tsakiyar teku, kamar rabin mil, ka taka da ƙafarka ka haye. Awa ɗaya da rabi kafin ƙarshen janyewa, awa ɗaya da rabi bayansa, shi ke nan, awa 3. In ka makara, sai ka zauna a tsibirin wajen awa 9, ko ka biya mai jirgin haya ya zo ya ɗauke ka. An rubuta a allo, da manyan baƙaƙe. Wata ranar a zangona na biyu ina tsaye a bakin hanyar, ruwa ya riga ya juyo, ga wani mutum da matarsa da yara biyu, ƙaramar tana kan kafaɗarsa. Na ce masa lokaci ya ƙure, in ka haye ba za ka dawo a bushe ba. Ya kalli malafata, ya kalli fuskata, ya ce ai jiya abokinsa ya haye a daidai wannan lokacin. Na ce jiya daban, yau… a'a, bari in gyara, ba jiya ya ce ba, makon jiya ya ce, wanda ya ma fi muni, don a mako guda lokacin ya juye gaba ɗaya. Na nuna masa jadawalin a hannuna. Ya ce in bar shi, ya san abin da yake yi. Ba ni da ikon riƙe shi, aikina in faɗa in maimaita. Na sanar ta oba-oba, na tsaya ina kallo.

Wallahi ƙanena, ruwan nan ba ya zuwa da hayaniya. Ba igiya ba ce kamar ta fim. A hankali yake shigowa ta gefe biyu, ka ga tsakuwa ta yi duhu, ka ga ɗan kwarin da ke tsakiya ya cika, kafin ka ankara hanya ta rabu biyu. Da suka juyo, ruwa ya kai masa gwiwa, yaron babban ya kai masa ciki. Ga sanyi, don ruwan wajen ko a tsakiyar bazara da ƙyar yake wuce digiri 13. Matar tana ihu, takalmin yaron ɗaya ya tafi. Allah ya kiyaye suka fito. Na kawo bargon gaggawa na lulluɓe yaron, leɓensa har ya canza launi, haƙoransa na kaɗawa. Uban ko kallona bai yi ba. Ba godiya nake nema ba, Allah ya sani, amma har yau in na tuno idon yaron nan raina ɓaci yake yi. Mutum ya ɗauki 'ya'yansa ya sa a gaban ruwa don kawai kada a ce wani mai kaki ya gaya masa magana. Kuma ba shi kaɗai ba ne, har masu mota suke shiga su ajiye ta a kan tsakuwar su tafi yawo, su dawo su tarar ruwa ya hau ta.

Haka Thunder Hole, wani tsagi ne a dutse da igiya ke bugawa ta yi ƙara kamar aradu, ya fi yi awa ɗaya ko biyu kafin ruwa ya gama cika. A Agustan 2009, da guguwar Bill ta wuce ta can cikin teku, igiya ta share mutane daga kan duwatsun wajen, yarinya 'yar shekara 7 ta rasu. Shi ya sa in teku ya tashi ake rufe ƙofar matakalar. Za ka rufe, ka juya baya, wani ya tsallaka da waya a hannu zai ɗauki hoto. Ga dutsen da gansakuka, santsi kamar an shafa kuɓewa.

Wannan ne ya sa maganar nan ta tsaya mini, da wani babbanmu a gidan nan ya ce wai na yi karatu na ƙare a gadin daji. Ban amsa ba a lokacin don girmansa, kuma har yanzu ina ganin girmansa, Allah ya ƙara masa lafiya. Amma Alhaji, ko gadin ne ai sana'a ce, iyayenmu da yawa da shi suka ciyar da mu. Kuma wanda ya tsaya tsakanin yaro da teku, a kira shi duk sunan da aka ga dama. Sai da na haddace tarihin wurin kaf kafin a bar ni in tsaya gaban mutane. An fara keɓe shi a 1916, ya zama gandun ƙasa a 1919, aka sa masa sunan Akadiya a 1929. Hanyoyin keken doki mil 45 da attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami ya biya aka gina, har yau mota ba ta hawa. Gobarar 1947 da ta cinye babban yanki na tsibirin Mount Desert, inda mafi yawan gandun yake, shi ya sa gefen gabas yake da itatuwan da ganyensu ke yin ja da rawaya da kaka. Mutanen Wabanaki da ke wurin dubban shekaru kafin Bature ya zo. Hanyar Precipice da ake rufewa daga wajen Maris zuwa Agusta don shaho yana ƙwai a jikin dutsen, kai ne za ka tsaya da madubin hange kana nuna wa yara 'ya'yan shahon, kana ba manya haƙuri. Duk wannan… to, a bar shi dai, ba shi aka tambaye ni ba.

Sallah kuma, don na san Hajiya za ta tambaye ka. A watan Yuni rana tana fitowa kafin ƙarfe 5, asuba kuwa tun wajen 3. In an sa ka aikin dutsen Cadillac, inda mutane ke tururuwar kallon fitowar rana, da duhu za ka fita. Tun 2021 sai mota ta yanki tikiti ta intanet kafin ta hau, kuma kai ne za ka mayar da wanda ya zo ba shi da shi, ka sha baƙar magana da sassafe. Masallacin da nake zuwa Juma'a yana Orono, tafiyar fiye da awa ɗaya a mota, don haka ka nemi Juma'a ta zama cikin ranakun hutunka tun farko, tunda Asabar da Lahadi dama ba a samun su. Babbar Sallah sau uku tana riskata a tsakiyar cunkoso, sau biyu a Yuli, sau ɗaya a ƙarshen Yuni. Wata abokiyar aiki ce take musanya rana da ni, Allah ya saka mata. Naman halal daga nesa nake sayowa in cika firiza, sauran kwanaki kifi.

To ƙofar shiga aikin dindindin da kake tambaya. Akwai ta, amma ƙunci gare ta. In ka gama zango lafiya, aikinka ya yi kyau, za su iya sake kiranka baɗi ba tare da ka sake shiga takara ba. Kuma akwai dokar 2015 da ta ce in watannin da ka yi a irin wannan aikin sun haura 24, kana iya neman gurbin dindindin a layi ɗaya da ma'aikatan cikin gida. Ka lissafa, wata shida-shida, shekara huɗu ke nan zuwa biyar, kuma neman ne aka ba ka dama, ba a ce an ba ka ba. Ni a na uku na tsaya saboda iyali sun ƙaru, ba don na ƙi aikin ba, wallahi har yanzu in na ji ƙanshin gishirin teku da safe zuciyata can take tafiya. Kai ba ka da mata ba ka da ɗa, in ni ne kai zan je. Amma kada ka sayar da motar nan, ita za ta riƙe ka daga Nuwamba zuwa Afrilu, kuma a can ma za ka buƙace ta. Ka duba ranar rufe tallan yanzu kafin ka kwanta ka gaya mini. Gobe in Allah ya kai mu bayan isha'i zan turo maka takardar tarihin aikina ka ga yadda ake jera ta, wata da shekara da awa nawa a mako, don tuƙin nan naka hulɗa da jama'a ne da riƙon kuɗi, kuma su biyun ake nema a ƙofar karɓar kuɗin shiga. Sai da safenku.