Amsar da na ba Alhaji kan kuɗin fom ɗin gudu

Salamu alaikum 'yan guruf, ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo, yanzu na shigo daga motsa jiki ko numfashina bai gama dawowa ba. Alhaji na ji ƙorafinka, ka ce tseren kilomita 10 ɗin nan da muke shiga da dubu biyar yanzu an ce sai dubu sha biyar, wai ƙafarka ce, numfashinka ne, titin kuma na gwamnati, to me ake sayar maka. Wallahi sai da na yi dariya. Amma bari in gaya maka abin da na gani, don bara na taya wasu abokai shirya wani ɗan ƙaramin tsere, kuma ni aka ɗora wa sayayya.

Lambar nan da kake maƙalawa a ƙirji da fil huɗu, juya bayanta ka gani, akwai wani ɗan siririn cif a manne, shi ke ɗaukar lokacinka in ka taka layin tashi da na ƙarshe. Daga waje ake kawo shi. Lambar yabon da ake rataya maka a wuya ita ma namu daga Chaina aka yo ta, da dala. To dalar nan farkon 2023 tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, 2024 ta haura 1,500, ka ga ai lissafi ya riga ya lalace tun kafin a sayi ruwa ko leda ɗaya. Ga mai kuma, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta zo ta wuce dubu, kuma motar asibiti mai take sha, motar da ke zagayawa tana ajiye ruwa mai, janareton mai kiɗa mai, ga ayaba, ga kanofi, ga ɗan abin da za a ba yaran da suka tsaya a mahaɗa tun asuba suna tare 'yan adaidaita kar su banke ka. Mu dai a namu sai da muka cika daga aljihu.

Na waje kuma nasu daban ne, mutane ne suka yi musu yawa. Gudun fanfalakin Landan na 2026 sama da mutum miliyan ɗaya suka nema, alhali waɗanda suka kammala na 2025 dubu hamsin da shida ne da 'yan kai. Na New York in ba ɗan ƙungiyar masu shirya shi ba ne dala 315 a 2024, kusan rabin miliyan ke nan a kuɗinmu, ba biza ba jirgi. Wanda ake layi a ƙofarsa ai ba zai yi ragi ba.

Inda na yarda da kai Alhaji shi ne rigar nan da ake ba mu a tseren. Ina da su cike da durowa, uwargida har ta fara goge taga da su, amma dole sai an cusa maka kuɗinta a fom. Kuma ni ba kai nake tausayi ba, kai ko nawa ne za ka biya kana mita. Yaran Filato nake ji, irin 'yan Pankshin ɗin nan da suke gudu da gaske don kyautar, na ga wani ya kwana a tasha saboda bayan kuɗin mota da fom babu na masauki, da safe kuma ya bar mu a baya kamar muna tsaye.

Don haka ni shawarata mu rubuta wa masu shirya tseren da sunan guruf, su fito da fom mai sauƙi, lambar ƙirji da ruwa kawai, ba riga ba abin wuya. Wanda ya yarda ya ɗaga hannu a ƙasa zan rubuta yau da dare. Asabar kuma ƙarfe shida muna nan inda muka saba, Alhaji kar ka ce gwiwa.