Ko karawar Oklahoma da Oklahoma State za ta dawo?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko jami'o'in Oklahoma da Oklahoma State za su ci gaba da karawarsu ta shekara-shekara a ƙwallon ƙafa irin na Amurka, tunda Oklahoma ta bar Big 12, rukunin gasar jami'o'in da suke ciki tare da Oklahoma State, ta koma wani rukunin mai suna SEC a 2024. A ganina ba za ta dawo nan kusa ba, kuma wasan da Oklahoma State ta ci 27 da 24 a gidanta da ke Stillwater a Nuwamban 2023 shi ne za a daɗe ana tunawa da shi.

Dalili shi ne, cikin wasanni 12 na kakar wasa, uku ko huɗu kaɗai ake bugawa da ƙungiyoyin wani rukuni, kuma jami'o'i kan ƙulla yarjejeniyarsu shekaru da dama kafin lokaci. Na ga irin wannan a kan jami'o'in Texas da Texas A&M, waɗanda suka rabu bayan wasan 2011, kuma duk da ƙorafin magoya baya, ba su sake haɗuwa ba sai 2024, lokacin da Texas ta shigo SEC, rukunin da abokiyar karawar tata ta riga ta koma. Abin yana damuna ƙwarai, domin kuɗin talabijin ne ya raba maƙwabtan nan.