Amsa ga ɗalibin Ngaundere: enzayim na ƙarfe mai yanka furotin

Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa. Tambayarka ita ce yadda za ka haɗa sinadari mai ƙarfe da zai yanka furotin a wuri guda, ya ƙyale sauran.

Mahaɗin feftayid, wanda ke haɗa amino asid (tubalan ginin furotin) da juna, yana da taurin kai: cikin ruwa mara tsami, a zafin ɗaki, yakan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin rabin irin waɗannan mahaɗai su tsinke. Aikin ƙarfen shi ne ya raunana rukunin kabonil (kabon da oksijin da ke jikin mahaɗin), sannan ya miƙo ruwan da zai tsinka mahaɗin, kamar yadda zink ke yi cikin tamolisin, wani enzayim na halitta mai yanka furotin.

Zaɓin wuri kuwa ya dogara ga abin da ƙarfen ke kamawa. Masanin sinadarai Nenad Kostić ya nuna ƙarfen faladiyam(II) na maƙalewa a amino asid ɗin metiyonin ko histidin, ya yanka daf da su. Ayarin Tatjana Parac-Vogt na Jami'ar Leuven a Beljiyam sun saka ƙarfen zakoniyam(IV) cikin foliyoksometalet (dunƙulen ƙarfe da oksijin), ya yanka mayogulobin, wani furotin na tsoka, a gefen amino asid ɗin asfatet, a zafin digiri 60 na Selsiyas. A ganina ka fara da wannan na zakoniyam, ka gwada shi kan furotin lisozayim na farin ƙwai ko mayogulobin.

Kada ka sa bafa (ruwan daidaita tsami) ta fosfet, tana kame zakoniyam. Ka ajiye kwalba guda ta furotin babu ƙarfe don kwatanci, domin zafi da tsami kaɗai na iya tsinka mahaɗin asfatet da forolin (wani amino asid ɗin). Jan ƙarfe tare da haidurojin feroksayid kuma kacaccala furotin yake yi, sai ka zaci yanka ne.

SDS-PAGE, gwajin da ke ware furotin bisa girma, zai nuna maka guntaye. Tantance ainihin wurin yankan sai da na'urar auna nauyin molekul. A nan sai malaminka ya haɗa ka da ɗakin binciken da ke da ita.